Maraƙar Haulatu da Ruwan Gishiri

A bayan garin Illela, ta hanyar da ta nufi Amarawa, akwai wata 'yar ruga mai bukkoki huɗu. A nan wata yarinya mai suna Haulatu take zaune da iyayenta. Shekarunta goma sha biyu, tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. A gida Fulatanci suke yi, in ta shiga gari sai ta juya harshe zuwa Hausa.

Haulatu yarinya ce mai himma. Ba a cewa ta yi abu sau biyu. Matsalarta ɗaya, ba ta da haƙurin jira. In ta ɗora tukunya, sai ta yi ta cusa itace don ta tafasa da wuri.

Tun tana shekara takwas Baffanta, wato mahaifinta, ya nuna mata wata 'yar maraƙa a cikin garke, ya ce tata ce. Maraƙar ta girma ta zama saniya. A farkon daminar bana kuma ta haihu, haihuwar fari. Ta haifi maraƙa fara tas, mai baƙin zagaye a idanu kamar an sa mata kwalli. Haulatu ta raɗa mata suna Tozali.

Da manoma suka yi shuka, Baffa ya kora garke zuwa arewa, ya tsallaka cikin Nijar inda makiyaya ke da fili. Ya bar shanun tatsa uku a gida don Inna ta riƙa samun nonon sayarwa. Saniyar Haulatu tana cikinsu. Kafin ya tafi ya ce da ita, Tozali tana hannunta, ita za ta kula da ita.

Haulatu ta riƙe wannan magana da gaske. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta share wurin kwanan maraƙar. In ta dawo, tun ba ta ajiye jaka ba take zuwa ta shafa mata wuya.

Ranar wata Asabar, Tozali tana da mako uku a duniya, sai ta fara zawo. Da safe kaɗan ne. Kafin yamma ya zama ruwa-ruwa, ya ɓata mata wutsiya da ƙafafu. Ta daina tsalle-tsallen da ta saba. Inna ta duba ta, ta ce gobe Lahadi kasuwar Illela ke ci, za su nemi magani.

Washegari Inna ta ɗauki ƙwaryar nono, Haulatu ta ɗauki ta man shanu, suka shiga gari. Inna ta zauna a layin masu nono. Masu saye suka taru mata, don haka ta aiki Haulatu kara, inda ake cinikin dabbobi, wurin Malam Sufyanu malamin dabbobi.

Malam Sufyanu dattijo ne mai magana a hankali. Yana da ɗan shago a bakin kara. Ya tambaye ta ko akwai jini a zawon, ta ce babu. Ya tambaya ko maraƙar tana tashi tsaye, kuma ko tana shan nonon uwarta. Ta ce tana yi, sai dai ba kamar da ba.

Ya ɗauko 'yan ledoji huɗu masu farin gari a ciki. Ya ce gishiri ne da wani irin sukari, an auna su daidai. Sannan ya ɗauko babbar gorar roba, ya ja layi a jikinta da biro.

"Ki tafasa ruwa ki bari ya huce," in ji shi. "Ki zuba shi ya kai wannan layi. Leda ɗaya kawai za ki juye a ciki. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ki ba ta kaɗan-kaɗan. Kar ki hana ta nonon uwarta, kuma ki ajiye mata ruwa mai tsabta kusa da ita. Kin gane?"

"Na gane, Malam."

"To mi na ce?"

Ta maimaita masa duka, ba ta manta ko ɗaya ba. Ya rubuta lambar wayarsa a takarda, ya ce in abin ya ƙaru a neme shi. Ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zanenta. Da suka koma gida ta saka ta cikin littafin makarantarta don kar ta ɓata.

Bayan azahar ta haɗa gora ta farko daidai yadda aka ce. Tozali ta sha a hankali har ta shanye. Haulatu ta zauna a gefenta tana jira ta ga ta miƙe tana tsalle.

La'asar ta yi, zawo bai tsaya ba. Rana ta fara sanyi, har yanzu yana nan.

Haulatu ta ɗauki gorar ta ɗanɗana ɗigon da ya rage. Ta yamutsa fuska. Gishirin da ke ciki bai fi na hawaye ba. Ta ce a ranta, wannan tsinkakken ruwa ne zai warkar da ciwo? Ta tuna yadda Baffa yake zuba wa shanu gishirin lasa, su yi ta rububi a kansa, gashinsu ya yi ta ƙyalli. Ta ga ai gishiri abin kirki ne ga saniya. In kaɗan yana amfani, mai yawa zai fi amfani, kuma zai fi sauri.

Inna tana can wurin tatsa. Haulatu ta zuba ruwa rabin gora. Ta yage ledoji ukun da suka rage ta juye gaba ɗaya. Ta shiga bukka ta damƙo gishirin lasa cike da hannunta ta ƙara. Ta girgiza har ruwan ya yi kauri.

Tozali ta sansana ta kau da kai. Haulatu ta sake kai mata, ta sake ƙi.

"Magani ai ba ya daɗi," Haulatu ta ce da ita. "Yi haƙuri ki sha."

Ta riƙe mata kai a hammata, ta yi ta ɗura mata har gorar ta ƙare. Sannan ta ɗauke kwanon ruwan da ke gefe, don a ganinta in maraƙar ta sha ruwa zai tsinka maganin.

Da gari ya waye ta fito da sauri, tana sa ran ta tarar da ita a tsaye.

Tozali tana kwance, ta miƙe wuya a ƙasa. Zawon ya fi na jiya yawa. Hancinta da kullum yake da danshi ya bushe. Idanunta sun faɗa ciki. Uwarta tana ta kuka a turke, amma Tozali ko kai ba ta ɗaga ba.

Haulatu ta kira Inna. Inna ta zo ta tsuguna, ta taɓa kunnen maraƙar, ta ji ya yi sanyi.

"Kin haɗa maganin yadda ya ce?" Inna ta tambaya.

Haulatu ta dubi ƙasa. Ta ce, "Eh, Inna."

Inna ta girgiza kai. Ta ce ashe maganin banza ya ba su. Dama an ce mata wasu masu shago ba su damu da dabbar talaka ba. Ta ce ba za ta sake zuwa wurinsa ba, in ta gama aiki za ta nemo saiwa ta jiƙa. Ta ce Haulatu ta shirya ta tafi makaranta, zamanta ba zai ƙara komai ba.

Haulatu ta kama hanya. Tana ta tambayar kanta mene ne ya faru. Gishiri ne da sukari fa, ba guba ba. Kullum ana cin su. Wani tunani yana ce mata ba laifinta ba ne, ciwon ne ya yi ƙarfi. Wani kuma yana tuna mata yadda Tozali ta kau da kai har sau biyu. Ga kuma Malam Sufyanu da aka zaga a kan abin da bai yi ba.

Darasi na farko a ranar na kimiyya ne. Malama Zuwaira ta shigo da kofuna uku na gilashi, da dankali ɗaya, da albasa, da gishiri a takarda. Ta zuba ruwa a kofunan. Na farko ta bar shi haka. Na biyu ta sa masa gishiri ɗan kaɗan a bakin cokali. Na uku ta zuba masa cokali biyar ta dama. Ta yanka dankalin siri-siri, ta jefa yanka bibbiyu a kowane kofi. Ta ce kowa ya bar su, sai bayan hutun tara za a duba.

Sannan ta fara bayani. Ta ce duk wani abu mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, an gina shi ne da wasu 'yan ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. Sunansu ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana da ruwa a cikinta, kuma tana lulluɓe da tantani.

Ta ɓare albasar, ta zaro farar fatar nan mai sheƙi da ke tsakanin ɓawo da ɓawo, ta ɗaga ta sama.

"Kun ga rashin kaurin wannan?" in ji ta. "To tantanin da nake faɗa muku ya fi wannan siranta nesa ba kusa ba. Amma shi ne mai tsaron ƙwayar. Duk abin da zai shiga ko zai fita, ta jikinsa yake bi."

Ta ce abubuwa ba hanya ɗaya suke bi ba. Iskar da muke shaƙa tana ratsa tantanin da kanta. Tana tashi daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi kaɗan, kamar yadda ƙamshin turare yake cika ɗaki ba wanda ya kore shi. Gishiri da sukari kuwa ba sa wucewa yadda suka ga dama. Suna da ƙofofinsu na musamman a jikin tantanin. Wani lokaci ma sai ƙwayar ta kashe ƙarfi kafin ta jawo su ciki.

Mu'minat, ƙawar Haulatu da suke zama benci ɗaya, ta ɗaga hannu. Babanta ɗan kasuwa ne mai kai kaya Konni, can cikin Nijar.

"Malama, kenan kamar boda ne," in ji ta. "Motar Babanmu sai ta tsaya a bakin ƙofa an duba takardunta. Amma iska ba mai tambayarta mi ta ɗauko."

Ajin ya yi dariya. Malama ta ce misalin ya yi kyau. Haulatu ba ta yi dariya ba. Rabin hankalinta yana ruga.

"Saura ruwa," in ji Malama. "Shi ruwa yana ratsa tantani cikin sauƙi. Amma yana da hali ɗaya. Ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa, can yake nufa. In cikin ƙwaya ne, sai ya shiga. In waje ne, sai ya fita."

Wannan maganar ta shiga kunnen Haulatu. Ta ɗago kai ta dubi kofi na uku.

Aka fita tara. Mu'minat ta sayo awara ta miƙa mata, ta ce ba ta jin yunwa. Ta tambaye ta abin da ke damunta, ta ce ba komai.

Da aka dawo, Malama Zuwaira ta sake shigowa. Ta kira Haulatu ta zo gaban aji ta tsamo dankalin, don ta lura tun safe yarinyar ba ta ce uffan ba.

Haulatu ta tsamo na kofin farko. Ya yi tauri, ya cika. Da ta lanƙwasa shi sai ya karye, ƙas. Na kofi na biyu yana nan kusan yadda aka yanka shi. Ta sa hannu a kofi na uku. Abin da ta tsamo ya yi laushi kamar tsumma. Ya motse, ya yi yaushi. Ta naɗe shi a yatsanta bai karye ba.

"Wa zai faɗa mini abin da ya same shi?" Malama ta tambaya.

Wani yaro ya ce gishiri ya dafa shi. Malama ta ce a'a. Ta ce gishirin da ke cikin kofin ya fi wanda ke cikin ƙwayoyin dankalin yawa, shi ya sa ruwan da ke cikinsu ya ratsa tantani ya fito. Dankalin yana tsamo-tsamo cikin ruwa, amma a cikinsa bushewa yake yi.

Haulatu ta tsaya tana kallon abin da ke hannunta. Ta ga busasshen hancin Tozali. Ta ga idanun da suka faɗa. Ta ga kwanon ruwan da ta ɗauke da hannunta.

"Malama," ta ce, "hanjin maraƙi ma yana da irin waɗannan ƙwayoyin?"

"Yana da su. Mi ya sa kika tambaya?"

Hawaye suka zubo wa Haulatu. Malama ta ba ajin aikin rubutu, ta kama hannunta suka fita gindin dogon yaro.

A nan Haulatu ta faɗi komai. Ta faɗi ledoji ukun, da damƙin gishirin, da kwanon ruwan. Ta faɗi ƙaryar da ta yi wa Inna. Malama ta saurara har ta gama, ba ta katse ta ba.

"Kin yi kuskure babba," in ji Malama. "Amma yanzu ba lokacin kuka ba ne. Maraƙar tana da rai sa'ad da kika fito?"

"Tana numfashi."

"To akwai sauran dama. Ina za mu sami malamin dabbobin?"

Haulatu ta ruga aji ta ɗauko takardar daga cikin littafinta. Malama ta danna lambar, amma ba ta kai wayar kunnenta ba. Ta miƙa wa Haulatu. Ta ce ita ta san abin da ta zuba, ita za ta faɗa da bakinta.

Haulatu ta karɓa. Ta gaishe da Malam Sufyanu, ta faɗa masa ko ita wace ce, ta gaya masa abin da ta yi. Sannan ya tambayi kwatancen rugarsu, ya ce ga shi nan tafe.

Malama ta nemi izini wurin shugaban makaranta. Ta tare ɗan kabu-kabu, suka hau su biyu. Suna isa, Malam Sufyanu ma yana tsayar da mashin ɗinsa. Inna ta fito daga bukka da turmi a hannu, tana shirin daka saiwa. Ta yi mamakin ganin baƙi.

Haulatu ta je gabanta ta durƙusa. Ta ce da Fulatanci, "Inna, ƙarya na yi miki ɗazu. Ban haɗa maganin yadda ya ce ba. Ba laifinsa ba ne, nawa ne."

Inna ta ajiye turmin. Ta dube ta. Sannan ta juya ta yi wa baƙin sannu da zuwa, ta nuna musu inda maraƙar take.

Malam Sufyanu ya tsuguna. Ya ɗaga fatar idon Tozali. Ya ja fatar wuyanta da yatsu biyu ya saki, fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ya ce ruwan jikinta ya yi ƙasa ƙwarai. Ya sa Haulatu ta nuna masa iyakar ruwan da ta zuba a gora. Ya sa ta damƙo gishiri kamar yadda ta damƙa jiya, ya duba yawansa a tafin hannunta.

"Da ba ki hwaɗa ba, da an yi asara," in ji shi. "Da an kira ni ba a gaya mini wannan ba, zan ɗauka zawo ne kawai. Zan yi mata ƙarin ruwa da sauri. Jikin da gishiri ya yi wa yawa kuwa, in anka cika shi da ruwa lokaci ɗaya, ruwan yana kwarara cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura. Nan take sai ta mutu. Yanzu da na sani, a hankali za mu bi ta."

Haulatu ta tuna dankalin kofin farko, wanda ya cika har ya karye.

Malam ya rataye ledar ƙarin ruwa a reshen bagaruwa. Ya nemi jijiya a wuyan maraƙar ya soka allura. Ya daidaita abin yadda ruwan zai riƙa sauka ɗigo-ɗigo. Haulatu ta zauna ta ɗora kan Tozali a cinyarta don kar ta motsa.

Suna zaune suna kallon ɗigon, sai ta yi ƙarfin hali ta yi tambayar da ke cinta. Ta ce, in gishiri yana jawo ruwa waje, don me aka sa shi a cikin maganin tun farko?

Malam Sufyanu ya ce tambayar mai hankali ce. Ya ce a jikin tantanin hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare. In an auna su daidai, suna shiga ta wannan ƙofa zuwa cikin jiki, ruwa kuma ya bi bayansu. Haka maganin yake mayar da ruwan da zawo ya zubar. In kuwa sun yi yawa, sai su taru a cikin hanji, ruwan jiki ya biyo su can, zawo ya ƙaru. Wanda ya samu ya shiga jini kuma ya yi ta tsotse ruwan sauran ƙwayoyin.

"Gishirin da ya so kashe ta, shi ne zai warkar da ita," in ji shi. "Bambancin kawai awo ne. Shi ya sa na ja miki layi."

Kafin ya tafi ya bar wasu ledojin, ya sake maimaita yadda za a haɗa. Ya ce ruwan sha ma a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, kar a bar ta ta kwankwaɗa. Ya ce ba zai yi alkawarin za ta tashi ba, sai an ga kwana biyu. Inna ta raka shi har wurin mashin. Ta ce ta yi masa mummunan zato da safe, ya yafe mata. Ya yi murmushi ya ce bai ma ji ba, balle ya riƙe.

Da baƙi suka tafi, Inna ta zo ta zauna kusa da Haulatu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Gishirin da kika ƙara, na san don kina son ta ne," in ji ta. "Wannan zan iya mantawa. Amma na tambaye ki, kika sunkuyar da kai kika ce eh. Da kin faɗa tun da safe, da tuni an kira shi. Ta sha wahalar rabin yini a banza. Ni kuma na zagi mutumin kirki."

"Tsoro na ji, Inna."

"Na sani. In kin sake jin irin wannan tsoron, ki zo da shi wurina. Faɗa ne kawai zan yi miki, ya wuce."

Haulatu ta ce ba za ta sake ba.

Malama Zuwaira ta ba ta izinin kwana ɗaya. Ranar Talata Haulatu ta wuni a gefen Tozali. Ta tafasa ruwa, ta jira ya huce ba ta yi masa fifita ba. Ta ajiye gorar a ƙasa mai daidai, ta tsuguna har idonta ya yi saiti da layin. Leda ɗaya. Ta riƙa ba ta kurɓi kaɗan, ta jira, ta sake ba ta. Aikin yana da cin rai. Sau da yawa zuciyarta ta ce ta ƙara mata ko ɗan kaɗan, ta ƙi.

Ranar ba a ga wani canji ba. Tozali tana kwance, sai numfashi. Malam Sufyanu ya leƙo da yamma, ya ja fatar wuyanta, ya ce a ci gaba.

Ranar Laraba Haulatu ta koma makaranta, Inna ta karɓi aikin har ta dawo. Da ta dawo ta tarar Tozali ta ɗaga kai tana kaɗa kunne. Ta taɓa hancinta ta ji ɗan danshi. Zawon ma ya fara kauri.

Ranar Alhamis da safe Haulatu tana wanke gorar, sai ta ji Inna tana kiranta a hankali. Ta zagayo bayan bukka.

Tozali tana tsaye. Ƙafafunta suna rawa, haƙarƙarinta duk a waje saboda rama. Ta yi taku ɗaya, ta tsaya. Ta yi na biyu. Inna ta kwance uwarta daga turke ta matso da ita. Saniyar ta shiga lasar 'yarta tun daga kai har wutsiya. Tozali ta laluba ta kama nono, ta fara sha, wutsiyarta tana kaɗawa.

Haulatu ta tsaya da gora a hannu, tana dariya hawaye yana zuba. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta koma wurin aikinta.

A ranar, a makaranta, Malama Zuwaira ta tambayi Haulatu ko za ta iya ba 'yan ajinsu labarin. Haulatu ta ji kunya, amma ta tashi ta faɗa, ba ta ɓoye komai ba. Da ta gama, Malama ta tambaye ta abin da ta koya.

Haulatu ta yi ɗan tunani. Sannan ta ce, "Abu mai amfani ma in ya wuce awo yana cutarwa. In wanda ya sani ya ce ga yadda za a yi, a yi haka, in ba a gane dalili ba a tambaya. Kuma in ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa."

Malama ta ce kowa ya rubuta wannan a littafinsa, a ƙarƙashin darasin tantani. Haulatu ta koma bencinta ta rubuta nata. Da aka tashi ba ta tsaya hira ba. Ta rataya jaka ta kama hanyar ruga, don akwai sauran leda ɗaya da za ta haɗa da yamma.